Zaren da ya ƙi haɗuwa a cikina

Ni siriri na tashi, har a gida ana tsokanata wai iska za ta ɗauke ni. Da mulkin farar hula ya kankama na samu aiki a wata ma'aikata a Abuja, na bar cunkoson Nyanya na koma Lugbe, na sayi mota. Ƙafata ta daina taka ƙasa. Kullum taron bita a otal, kullum shinkafa da kaza. Tumbi ya fito ban ankara ba, domin babbar riga mai rufin asiri ce, zariyar wando kuma ba ta taɓa yin ƙorafi.

Babu wanda ya kai mahaifiyata murna. Duk zuwana Zariya sai ta dube ni ta ce, "Alhamdulillahi, Abuja ta karɓe ka." Ni ma daɗi nake ji, ba zan ɓoye ba.

Wata rana likitar asibitin ofishinmu, 'yar kudu ce mai Hausar Abuja, ta auna tsayina da wuyana da cikina, ta yi lissafinta. Na ce ai sikeli bai nuna na yi nauyi sosai ba.

Ta ce, "Oga, sikeli ba ya sani wane ne kitse, wane ne nama. Kitse naka ya wuce iyaka, kuma duka a ciki ya zauna. Shi ne yake kawo suga."

Ta yanko zare daidai tsayina, ta ninka biyu, ta ce in zagaya cikina da shi. Bai haɗu ba, saura yatsu huɗu. Ciwon suga ne fa ya yi ajalin mahaifina.

Na soma tafiyar ƙafa bayan asuba, na rage tuwo. Da na je gida da Sallah, mahaifiyata ta ja ni ɗaki ta rufe ƙofa.

"Faɗa mini gaskiya. Korarka aka yi, ko ciwo kake ɓoye mini?"

Na ciro zaren daga aljihu na yi mata bayani, na zagaya shi a gabanta. Saura yatsa ɗaya. Ta karɓa tana juya shi a hannu.

"Babanka ma haka na riƙa cika masa kwano ina murna," ta ce. "Yanko min wani zaren, ƙaninka ya fara tumbi."