Ajiyar Akuya

A ƙauyenmu da ke kusa da Badagishiri, lokacin sanyi in an ci tuwo, kakarmu Hajo takan hura wuta da karan dawa a ƙofar ɗakinta, mu kewaye ta. Tatsuniyoyinta ba su da yawa, kuma ba ta jin kunyar maimaitawa. In muka yi ƙorafi sai ta ce wanda ya gaji ya je ya kwanta. Ba mai tashi.

Wadda ta fi yi mana ita ce ta wata mata da ruwa ya shiga rumbunta, dawarta ta yi fumfuna. Matar ta ware mai kyau ta daka wa gidanta, ta zuba wa akuyarta ruɓaɓɓiyar, kamar yadda kowa ke yi. Akuya ta cinye tas, ta ɗaga kai. A nan Kaka takan maƙe murya:

"Uwar ɗakina, ni ba a yi min kyauta. Abin da kinka ba ni, ajiya ta. Da sahe ki taho da ƙwarya ki amsa."

Da safe matar ta tatsi nono ta ba ɗanta, yaro ya kwanta ciwo. Mu dai dariya muke yi, mu yi ta kwaikwayon muryar akuya har a kore mu.

Bara Zara'u, ɗiyar yayana Sule, ta yi ta ramewa bayan yaye. Nonon akuya ake ba ta. An kai ta gidan likita a Illela, an sha magani, ba ta ƙara ko kaɗan ba. Hankalina ya tashi ƙwarai, don a hannuna take wuni.

Ana cikin haka masu bincike suka zo garin: likitan yara, likitan dabbobi da malamin gona. Mutane suka yi ta tsegumin abin da ya haɗa su mota guda. Suka auna yara, suka ɗebi nono, suka ɗebi hatsi daga rumbuna. Da suka dawo, suka ce fumfunar dawa tana da guba, dabba ta ci, gubar ta fito a nono. Ba su ce ita kaɗai ce ciwon Zara'u ba, amma tana cikin abin da ke hana ta girma.

Sule ya ƙi rabuwa da tasa dawar mai fumfuna. Da dawar nan yake shirin riƙe bisashensa har damina.

"Ai ba mu munka ci ba," ya ce. "Dabba munka ba."

Na ce, "Yaya, ajiya kab ba ta."

Ya daɗe yana kallona, sannan ya kalli yarinyar. Kafin la'asar ya kwashe dawar ya ƙone ta bayan gari.

Zara'u tana murmurewa a hankali. Ban san ko Kaka ta san wata guba ba. Wataƙila rowar matar kawai take zargi. Ni dai yanzu kafin in zuba wa akuya dusa sai na sunsuna, don na san da safe zan zo da ƙwarya.