Waƙar Baba Baraka a Hanyar Daudawa

Baba Baraka 'yar Ruwan Godiya ce, tun tana budurwa take kiɗan ƙwarya a gidajen suna. Wata shekara da kaka ta roƙi maƙwabcinsu Hadi, makiyayi mai sarewa, ya riƙa busa mata a bayan kiɗa. Ba a taɓa jin haka a yankin ba. Tsofaffin zabiyoyi suka ce ta ɓata sana'a, 'yan mata kuwa suka haddace waƙar cikin mako guda. Wani mai rikoda ya ɗauka a kaset, ya zaga har Sabuwa da Ƙanƙara. Shekaru suka ja, samarin situdiyo suka ɗora waƙar kan fiyano, suka ƙara mata sauri, kowa ya yi tasa daga jikinta.

Bara da damina, tana dawowa daga Daudawa gab da la'asar, 'yan bindiga suka fito daga cikin dawa suka tare motarsu. Aka kwantar da fasinjoji goma sha ɗaya a bakin hanya. Baba Baraka ta kifa fuska cikin laka. Sai wayar babban 'yan bindigar ta yi ƙara, kuma waƙarta ce, irin ta samarin.

Wani fasinja mai suna Mas'ud, tsoro ya ruɗe shi, ya ɗaga kai ya ce ai mai waƙar ce kwance kusa da shi. Baba Baraka ta sha jin yadda suke kwashe makaɗa su kai daji su yi masu wasa, wasu ba su dawowa.

Babban ya taɓa ƙeyarta da bakin bindiga. "Tashi, tsohuwa. Rera mu ji."

Ta durƙusa, ta rera kamar yadda ta fara yin ta, a hankali, da jan murya. Ba ta kai baiti biyu ba ya tsayar da ita. Ya ce ƙarya ne, ba haka waƙar take ba, shi ya san ta sarai. Ya sa aka zane Mas'ud da bulala, sannan suka tafi da shi da wasu mutum uku a kan babura. Ita suka bar ta durƙushe, ba ta iya miƙewa ba sai da direba ya kama ta.

Kwana uku bayan nan ta koma wurin 'yarta Hafiza a cikin garin Faskari. Ko ƙofar gida ba ta zama, jin ƙarar babur ya isa ya kai ta ɗaki. Mas'ud ya dawo bayan wata biyu, ya rame ƙwarai, ya zo neman gafara. Baba Baraka ta ce wa Hafiza ta zubo mashi tuwo.