Littafin da Bunu Ya Tsoma a Ruwa

Kawun mahaifiyarmu, Bunu, masunci ne a wani ƙauye kusa da Baturiya kafin kada ya kama shi a cinya. Ya tashi da ɗingishi, ruwa kuma ya fita daga ransa. Ya koma Haɗeja wajen dangi, ya shiga ajin yaƙi da jahilci da gemunsa, ya fito yana karanta boko a hankali, yatsa a kan layi.

Zamanin Turawa ne, an buɗe ɗakin karatu a gari: benci biyu, kabad ɗin littattafai, da akawu mai riƙe da makulli. Ba wanda ya ɗauki Bunu aiki. Shi ya ga mutane na leƙowa suna juyawa don ba su iya karatu ba, sai ya roƙi akawu ya bar shi ya zauna a ɗan teburin bakin ƙofa. Manomi ya tambayi maganin ƙwarin gyaɗa, maniyyaci ya tambayi garuruwan hanyar Makka, Bunu ya nemo a littafi ya karanta musu. Abin da bai gani a rubuce ba, sai ya ce, "Babu shi a nan." Sharaɗi ɗaya akawu ya kafa masa: ranar da littafi ya lalace a hannunsa, ranar zai bar teburin. Teburin nan kuwa shi kaɗai ne inda ake ce masa Malam maimakon gurgu.

Wata damina kogi ya cika ya shanye hanya. Ana kiran azahar, akawu ya fita masallaci, sai ga yayar Bunu, 'Yar'azumi, zaninta jiƙe har gwiwa. Ita kaɗai ta tuƙo kwalekwale daga ƙauye.

"Bunu, baƙon dauro ya sauka wa Zainaba," ta ce. Ƙyanda take nufi, ba a son kama sunanta. "Idanun sun rufe, sai mugunya. An sha rubutun liman, an yi hayaƙi, shiru. An ce kana da littafin likitocin Turawa. Yago mini inda maganin yake, in wanke in ba ta."

"Yaya, wannan ba allo ba ne. Ba ya wankuwa."

"Ka dai ce tsoron akawu kake ji. Ni na goya ka, yau takarda ta fi maka 'yata?"

Ya ɗauko littafin kiwon lafiya, ya nemo wurin, ya karanta mata: idan cutar ta shiga ido, a garzaya da yaro asibiti, in an daɗe zai makance.

"Asibiti? Mai baƙon dauro ko tsakar gida ba a fitar da shi iska ta buge shi, balle a haye ruwa da shi! Boko ya cinye maka kai ne? Ba ni takardar, ko in tafi."

Ta juya. Bunu ya san yayarsa. In ta tafi, cewa za ta yi an hana ta magani. In ya yago mata, za ta jiƙa takardar ta ba yarinyar ruwan, su zauna a ɗaki mai duhu suna jiran sauƙi har idon ya mutu. Magana ba za ta shige ta ba, sai ta gani da idonta.

Ya ɗingisa zuwa randar bakin ƙofa, ya cika ƙwarya, ya tsoma littafin a buɗe. Ya murza shafin da babban yatsa kamar yadda ake wanke allo.

"Duba, Yaya. Don Allah duba."

Takardar ta yi laushi, baƙaƙen suna nan daram. Ruwan kuwa fari ƙal. 'Yar'azumi ta leƙa ƙwaryar, ta sake leƙawa, sai ta zube a ƙasa.

"Ba komai a ciki. Wayyo, to me zan kai mata?"

"Ba abin da za ki kai mata. Ita za mu kawo."

Mutumin da ya rabu da kogi tun ranar kada, shi ya karɓi filafili ya tuƙa kwalekwalen. Washegari suka dawo da Zainaba naɗe cikin zane, an kifa mata tabarma don iska, kakarta ta wajen uba tana tsaye a gaɓa tana tsine musu. A asibiti aka ceto idon dama. Na hagu ya riga ya yi fari, haka Zainaba, mahaifiyarmu, ta girma da shi.

Akawu ya tarar da littafin a kan tebur, ya kumbura kamar gurasa. Bunu bai ɓoye ba, akawu kuma bai janye sharaɗinsa ba.

Daga nan Bunu ya koma gindin tsamiyar da ke kallon ɗakin karatun. Mutane ba su daina zuwa wurinsa ba. Mai tambaya ya zo, sai ya rako shi har bakin ƙofa, ya tsaya daga waje, ya ɗaga murya ya gaya wa akawu littafin da zai ɗauko.