Gaisuwar da Tela Ya Bari

Ni ne mutum na ƙarshe da ya yi magana da telan layinmu a Tudun Wada kafin Allah ya karɓi abinsa, kuma wannan matsayi ya jawo mini wahalar da ban nema ba.

Dattijo ne mafaɗaci, ɗinkinsa ba na biyu, alkawarinsa kuwa sai haƙuri. Ran nan da hantsi na je shagonsa karɓar kaftanin da na ba shi tun kafin azumi, na tarar ko almakashi bai sa wa yadin ba. Na yi masa tsiya, ya rama. Ya ce in sauri nake in kai wa telolin unguwar Kongo masu ɗinka riga kamar buhun masara. Na ce Allah ya shirye shi, ya ce ya shirye mu gaba ɗaya. Bayan azahar aka ce ya kife a kan keken ɗinkinsa, kafin magariba mun kai shi makwancinsa.

Marigayin yana da ƙane, wani Alhaji mai sayar da kayan gini a Kwangila, gidajensu katanga ɗaya. Shekara da shekaru ba sa ga maciji saboda kwatar da ke bi tsakaninsu. Ko a masallaci, in wannan ya tsaya dama, wancan sai hagu. Yanzu ga Alhaji zaune a tabarmar makoki, ido jajur, ko amsa gaisuwa ba ya iyawa. Kowa ya san abin da ke cinsa: yayansa ya tafi ba su yafi juna ba. Kuma kowa ya san wanda ya ga marigayin a ƙarshe.

Na'ibin limaminmu ne ya fara. "Malam, da kuka yi sallama ai ya daɗe riƙe da hannunka ko?" Na ce ban tuna mun yi musabaha ba. Ya gyaɗa kai kamar na ce e. Mai shayin bakin layi, wanda marigayin ke zagi kullum kan ƙarancin madara, ya ce shi ma ranar ya ga wani haske a fuskarsa.

Sai aka kira ni cikin gida wurin babbar yayarsu, tsohuwa tukuf, carbi a hannu.

"Ɗan nan, da ya juya ya kalli gidan ƙaninsa, me ya ce?"

Ba ta tambaye ni ko ya juya ba, juyawar ta riga ta gama da ita. Na ce, "Hajiya, ai faɗan kaftani muka yi."

"Bayan faɗan nake nufi. Yi tunani dai. Ni na goya shi, ba zai tafi haka ba."

Na runtse ido don in faranta mata. Wallahi sai na ga kamar ya ɗan karkatar da kai. Na ce mata kamar dai ya juya. Kalmar "kamar" ko zaure ba ta kai ba aka yar da ita.

Kafin sadakar uku, wani ɗan acaba ya ɗauko ni daga Dutsen Abba yana ba ni labarina. Wai telan ya tsayar da keke, ya dubi gidan ƙaninsa, ya yi ajiyar zuciya, ya ce a gaishe shi. Na ce wa ya gaya masa? Ya ce a gaban wani tsohon malamin makaranta aka yi, mai sanƙo, mai faɗan tsiya. Na gyara zaman hulata. Abin haushin shi ne, yana faɗa ina gani. Har ƙarar keken na ji ta tsaya.

A gida na ba da labarin da ajiyar zuciyarsa da komai. Uwargida ta ce ita dai ranar da na dawo ba abin da ta ji a bakina sai kaftani. Babbar 'yata, wadda ta karanta ilimin halayyar ɗan Adam a jami'a, ta ajiye cokali.

"Baba, masu bincike sun daɗe da gano wannan. In aka cusa wa mutum abu a cikin tambaya, aka yi ta maimaita masa, sai ya shige kansa ya zauna. Zai iya rantsuwa ya gani, kuma ba ƙarya yake ba."

Raina ya ɓaci. Na ce, "Ni za ki mayar abin gwajin makarantarku? Ni da har yau ban manta sunan ɗalibi mai surutu ko ɗaya ba?"

"To Baba, gidan Alhaji ta ina yake daga shagon?"

Ta baya yake. Mai son kallonsa daga kan keke sai dai ya kalli bango. Na ce ta tashi ta ba ni wuri. Da safe na saci jiki na je na duba, na ga gaskiyarta. Amma hoton bai goge ba, gyara kansa kawai ya yi: yanzu bangon nake ganin yana kallo.

Bayan an watse daga makoki, Alhaji ya tare ni a ƙofar masallaci da la'asar. Ya rame sosai. Ya ja ni gefe.

"Malam, tsakaninka da Allah, Yaya ya ambace ni?"

Tausayinsa ya kama ni, ga tsoron yi wa mamaci ƙarya. Na ce, "Alhaji, ina ganinsa yana faɗa, ina jin muryarsa. Amma ban sani ba ko a shago na ji, ko a zaman makoki aka zuba mini. Wallahi ban sani ba."

Ya matso kusa da ni. "To yaya kake jin ya faɗa?"

Na kwaikwayi muryar marigayin, mai kaushin nan: "A gaida wancan mai taurin kan."

Alhaji ya yi dariya, hawaye na bin gemunsa. Ya kama hannuna da hannu biyu.

"Sake faɗa mini."

Na sake. A wannan karon har murmushi marigayin ya yi, kuma na gan shi da idona.