Igiyoyin Sista Hannatu

Akwai ranar da ko an daka ni a turmi ba zan manta da ita ba a shagon nan, ranar da Sista Hannatu ta zo karɓar ɗinkin marayu. Ku da kuka shigo koyon aiki kwanan nan, kuna ta ƙorafin kalmasar da Kawu Sale yake sa mu yi, gara ku ji labarin kafin ku ƙara buɗe baki.

Sista Hannatu nas ce a wani asibiti da ke unguwar Safa. Kirista ce, mutuniyar Bauci, kuma Hausarta ta fi tawa nesa ba kusa ba, ni da aka haifa a nan Jidda. Ta daɗe tana kawo wa Kawu ɗinki a shagon nan namu na unguwar Madain Fahd. Bayan Hajjin bara ta shigo da leda a hannu, ta rage murya ta ce ta ajiye aiki. Za ta koma wani gidan marayu na mishan a ƙasar Nijar, ta riƙa duba lafiyar yara tana koya musu karatu. Kafin ta tafi tana so ta ɗinka wa kowane yaro kayan makaranta da abin da ta tara.

"Baba, ka san na mishan ne," in ji ta. "In ba za ka iya ba, ba zan ji haushi ba."

Kawu bai ko ɗaga kai daga keke ba. "Marayu kika ce ko? Ina awonsu?"

Sai ta zazzage ledar a kan tebur. Na yi tsalle na koma bayan Kawu, don na ɗauka macizai ne. Ashe igiyoyin rama ne, tuli guda. A gidan marayun ba su da tef ɗin awo, sai suka tsayar da kowane yaro suka yanka igiya daidai tsawonsa, suka yi ƙulli a saitin kafaɗa da ƙugu, suka ɗaura ɗan ƙyalle mai sunansa. Wani alhaji ne ya taho da su. Igiyar wani Bulus ta kusa kai ni. Ta wata Talatu kuwa ko akuya ba za ta ɗaure ba.

A shagonmu Kawu ne mai yanka, ni kuma a lokacin aikina kalmasa da maɓalli da guga. Kalmasa ita ce naɗe bakin wando ko riga a ɗinke don kada ya zare. Kowane tela yana naɗe kamar yatsa biyu. Kawu kuwa, in kayan yara ne, tafin hannu guda yake bari, ya sa a ninka sau biyu a ɓoye ciki, ya kuma bar yadi a gefe da gefe. Ninka kaki mai kauri haka azaba ce. Allura ta huda yatsuna har in na sha shayi ina jin kamar zai yi yoyo ta hannu.

"Kawu," na ce masa wata rana, "yadin da muke binnewa cikin wandunan nan zai yi wa kasuwar Bab Makka rumfa."

"Yalla, Nura, ninka. Bakinka ma da zan samu da na kalmasa shi."

Muka gama ana gobe jirginta zai tashi. Na goge komai, na ɗaure kayan kowane yaro da igiyarsa. Sista ta zo da la'asar tana fara'a, har da lemo ta kawo mana. Don murna ta kira matar da ke kula da gidan marayun a waya, ta ce ta gaya wa yara kaya sun kammala. Muna jin muryar matar sama-sama. Can sai muka ga Sista ta daina dariya.

"Yaushe kika ce an auna su?"

Ta saurara, sannan ta nemi dilar yadi ta zauna. Ashe tun daminar shekarar da ta gabata aka yanka igiyoyin. Sun yi watanni a motar wani direba kafin su kai hannun alhajin. Matar ta ce Bulus yanzu sai ya sunkuya yake shiga ƙofar aji.

"Baba, kusan shekara," in ji Sista, idonta ya ciko. "Yara kuma ba sa jira. Na riga na yi musu alkawari. Kafilina, wanda ya tsaya min a ƙasar nan, ya soke iƙamata, takardar izinin zamana, gobe zan tafi, kuma ba ni da abin sayen wani yadin."

Kawu mutum ne da sai ya gama tauna magana kafin ya fito da ita, kuma ranar taunar ta yi tsawo. Ni kuwa ba na iya shiru. Na ɗora ƙafata a kan tebur, abin da ko a mafarki ban isa in yi ba, na juya bakin wandona.

"Sista, dubi nan."

Layi uku ne a jikin yadin, kowanne ya fi na ƙasansa koɗewa. Tun da mahaifina ya rasu Kawu ya ɗauke ni, kuma wandon nan tare muka girma da shi. Duk shekara sai ya farke kalmasa ya sake min tsawo. Na zaro wandon Bulus, na sa reza na farke bakinsa. Yadi ya sauko, ya sake saukowa. Na kara a jikina, ya rufe min idon sawu. Na nuna mata na gefe, da ƙugun da aka yi da tazuge maimakon maɓalli.

"Duka haka suke?" ta tambaya a hankali.

"Duka. Tambayi yatsuna."

Ta rufe fuska da wandon Bulus, kafaɗunta suna rawa, ban sani ba ko kuka take ko dariya. Da ta ɗago ta ce, "Baba, ka san igiyoyin sun daɗe ne?"

"Ban sani ba," in ji Kawu. "Na dai san wanda ba shi da uwa da uba ba kullum ake masa sabo ba. Halas, magana ta ƙare. Nura, sauke ƙafarka daga tebur, ka koya mata farkewa."

Haka na zama malamin nas na rabin yini. Na koya mata yadda za ta farke ba tare da ta yaga ba, da yadda za ta sake ninkawa da allurar hannu. Kawu ya jefa mata zare da allurai a leda kyauta. Da ta ce za ta riƙa sa mu a addu'a, ya ce mu ma za mu sa yaran a tamu.

Kwanakin baya ta aiko hoto. Bulus yana tsaye a baya kamar falwaya, an sake masa kalmasa ɗaya, saura ɗaya. Talatu tana gaba, tata ko taɓawa ba a yi ba.

Abin da na koya ke nan: tela yana auna yaron da ke gabansa, amma wanda za a gani baɗi yake ɗinka wa. Don haka ku ninka kawai. Ni kuwa na leƙa wandona jiya, kalmasar ta ƙare ƙaf, kuma na tabbatar Kawu ya gani, ko Allah zai sa a yi min sabo.