Hannun Hagun Ƙanena

Ina shiga gida na tarar Kawu ya ɓalle zoben ƙarfen da ƙanena Bashar ya kafa a jikin dogonyaro. Lokacin wayar salula ta fara shigowa Gummi.

Bashar ɗan wasan gaba ne a wata ƙungiyar ƙwallon kwando a birni. Ya zo hutu, kullum yana jefa ƙwallo cikin zoben da hagu, don kocinsu ya ce nan ne rauninsa.

Kawu ya ce, "An riga an ɗauke ka, mi ya rage ka koya? Kuma da hagu, kamar marar tarbiyya?"

Bashar ya sunkuyar da kai. Na ce, "Kawu, ƙwallo ne fa, ba tuwo ba."

Har yau abin na ci mini rai. Yaro ya san inda ya gaza, gida ya hana shi gyarawa. Ku wa ya ɓalle muku naku zoben?