Wayoyi Bakwai Cikin Jakar Baba

Har in mutu ba zan manta da wata Talata a kasuwar Mafara ba. Ina tsaye bakin rumfar cajin waya da nike tsaro, babban 'yan sa-kai ya dafa min kafaɗa yana cewa in maimaita gaban jama'a abin da na faɗa musu. Gabana ga dattijo zaune ƙasa, sun ɗaure mishi hannuwa ta baya da robar ɗaure kaya ta kekenshi. Ya ɗago kai ya ce, "Ɗana, mi na yi maka?" Ni kuwa na buɗe baki na maimaita.

Abin daga gem, wasan cikin waya, ya faro. Aji biyu na sakandare na bar makaranta, don ban iya zama wuri ɗaya. Na taɓa kanikanci, na taɓa acaba, duk na watsar, sai wani yayana ya ajiye ni rumfarshi. Nan wani ya tura min gem ɗin a waya. Cikin wasan kai ne mai bincike, an kashe wani attajiri cikin tsohon gida, ka bi ɗaki ɗaki kana buɗe akwatuna, kana haɗa yagaggun wasiƙu, kana duba sawun takalmi. Gaskiya wanda ya ƙera shi ya iya. Ni da malamai sunka gaji da ni, sai ga ni zaune awa uku ban motsa ba. Ya koya min kallo da kyau, ya koya min haƙuri, har Turancin da na guje ma a aji na koma ina haɗawa da kaina don in gane wasiƙun.

Amma yana da aibin da ban gani ba sai daga baya. Cikinshi ba abin da ke ajiye haka kawai. In ka ga wuƙa, to ta kisa ce. In mutum na riƙe da makulli, akwai abin da ya ɓoye. Ba mai ɗaukar kaya don maƙwabci ya aike shi. Ka samu alama uku, ka haɗa, mai laifi ya fito.

Dattijon daga wani ƙauye yake ta wajen Maradun. Baba nike ce mishi, kullum sai mun gaisa gaisuwa mai tsawo, ya tambayi mutanen gidanmu ɗaya ɗaya. Duk Talata yana kawo wayoyi bakwai caji, kowace da zare kala daban ɗaure jikinta. Na fara lura in zai koma yana cika buhu da burodi, ya ɗaura jarkar fetur a baya. Lokacin kuwa 'yan bindiga sun matsa ma yankin, kowa ya san burodi da mai ake kai musu daji, kowa maganar infoma yake, masu kai musu labari da kaya. Ranar nan ɗaya daga cikin wayoyin ta yi ƙara, na ɗauka, na ji namiji na tambaya ko an samo man. Alama uku. Ban tambayi Baba ba, ban jira yayana ba, na ruga wajen 'yan sa-kai.

Da na gama maimaitawa kasuwa ta rufto. Baba na ta bayani, ba mai ji. Na ga sanda ta sauka, na ga wani mai kayan miya da bai san mafarin zancen ba ya zo da icen rumfa. Allah ya sa limamin ƙauyensu ya shigo kasuwa ranar. Ya kutsa ya faɗa bisa Baba, ya ce a fiddo wayoyin. Ya riƙa ɗagawa yana faɗin mai kowace: mai jan zare ta shi liman ce, mai baƙi ta ungozomarsu ce, haka har bakwai. Ƙauyen ba wuta, shi ya sa duk mai zuwa kasuwa ake haɗa ma wayoyi, zaren don kar su rikice. Burodin na mai shayinsu ne. Man na injin ban ruwa ne na ƙanen Baba, shi ne ya bugo.

Anka kwance shi, amma idonshi na dama ya riga ya fashe. Liman ya juyo ya dube ni ya ce, "Da ka tambaye shi, ai da ya hwaɗa maka." Ba wanda ya taɓa ni. Babban 'yan sa-kai ma cewa ya yi gara a sa ido, mutane sunka watse.

Na goge gem ɗin ran nan, ko da yake ba shi ya ruga ya kai ƙara ba, ni ne. A can in ka zargi wanda bai yi ba, rubutu ne zai fito, ka koma baya ka sake zaɓe. Shi ne ya sa bakina ya yi sauƙi. Yanzu na san ganin abu daban, sanin dalilinshi daban, kuma a ƙasarmu zargi kaɗai ya isa ya kashe mutum.

Baba bai sake zuwa Mafara ba. Na yi wata huɗu ina jin tsoron zuwa ƙauyen. Daga baya na samu lambar liman, na tura saƙon murya, na roƙe shi ya kunna ma Baba. Har yau ba amsa. Ga abin da na ce:

"Salamu alaikum Baba, ni ne na rumfar caji. Ba wanda ya sa ni, ni na kai ka, kuma ƙarya na yi maka. Ban ce ka yafe ba. In ka yarda in taho, zan tsaya ƙofar masallacinku in faɗi haka gaban kowa. In ba ka son ganina, ka faɗa ma Malam, ba zan zo ba."